Bargon Takwara

Keken ɗinkin Umma ƙarami ne, na lantarki, irin wanda ake saya don rage tsawon wando da gyara hannun riga. Ba don bargo aka ƙera shi ba. Amma tun da ta ajiye aikin buga takardu a ofis, shekarar da mijinta ya rasu, da shi take ɗinka barguna a kan tebur gaban tagar ɗakinta, kuma duk jikan da aka haifa mata yana da nasa.

Ɗinkin nata ba irin na tela ba ne. Takan harhaɗa ƙyallaye ta yi fuskar bargon, ta shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, ta sa wani yadin a baya, ta kama su da fil. Daga nan sai ta sauke haƙoran keken, waɗanda ke jan yadi gaba, ta canza masa ƙafar da ke danne yadi zuwa wata mai ɗan zobe da ke tsalle. Keken ya daina ja ke nan, allura ce kawai ke hawa da sauka a waje ɗaya. Ita za ta dafa yadin da tafukanta, cikin safar hannu mai ɗanko, ta riƙa tafiya da shi gaba da baya da gefe, zaren yana zana ganye ko igiyar ruwa. Ba ta sa alli. In hannu ya fi ƙafa sauri, ɗinkin ya yi tsayi. In ƙafa ta danna feda fiye da tafiyar hannu, ya cure waje ɗaya. Takan ce shekararta ta farko ba abin da ta koya sai farkewa.

Ba ta yafe wa kanta kuskure. Auta, ƙaramar 'yarta, wadda ta dawo gida da zama bayan aurenta ya mutu, ta sha dawowa daga shagon tabarau inda take aiki ta tarar Umma ta farke aikin yini guda saboda ganye ɗaya ya karkace. In ta ce mata ai ba wanda zai lura, sai Umma ta ce ita ta lura, kuma ita ma ai mutum ce.

A hannun hagu rawar ta fara. Da farko babban yatsa ne kawai ke motsi in ta zauna kallon talabijin, kamar tana murza wani abu da ba a gani, sai ta riƙa cusa hannun ƙarƙashin cinya. Da abin ya kai ga cokali yana ƙara a jikin kofi, Auta ta kai ta wurin likita. Ya sa ta yi tafiya a gabansa, ya sa ta taɓa hanci da yatsa, ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani. Ya ce ba a warkewa, sai dai a rage masa gudu. A hanyar dawowa Umma ba ta ɗauko zancen ba, cewa kawai ta yi a tsaya shagon zare.

A tsakanin nan Takwara ta samu gurbin karatu a wata ƙasa mai sanyi. Ita ce jikar fari, 'yar Yaya, babbar 'yar Umma, kuma sunan Umma ta ci. Umma takan ce yarinyar ta ari sunanta tun tana tsumma, har yau ta ƙi dawowa da shi. Takwara ta ce ai ita ta fi morar sa, tsohuwa ba inda take kai suna sai asibiti. Bargon da aka yi mata tana jaririya ya daɗe da zama tsumman goge ƙasa, don haka Umma ta ce za ta yi mata na manya, mai faɗin gado, shuɗi da ruwan toka, kafin ta tafi.

Haɗa fuskar bai ba ta wahala sosai ba, ɗinki ne miƙaƙƙe, keken ne ke ja, ita bi kawai take. Sai da ta sauke haƙoran aka ga inda ciwon ya kai.

Babban bargo a ƙaramin keke aiki ne ko ga mai lafiya. Tsakanin allura da jikin keken bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba, dole a naɗe rabin bargon a cusa ta nan, sauran a ɗora a kafaɗa, nauyinsa yana ja ta gefe. Umma ta gano cewa da hantsi, in magani ya kama ta, hannun yakan lafa na ɗan lokaci, sai ta mai da aikin can. Ranakun da Auta ba ta zuwa shago takan ji ƙarar keken daga kicin. A da in ya tashi sai ya daɗe yana tafiya da murya ɗaya. Yanzu yakan tashi, ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa, wani lokaci a ji ƙas, allura ta karye, sai shiru mai tsawo, Umma tana fama da sa zare a sabuwa. Ba ta kira, Auta kuma ta koyi kada ta leƙa.

Ranar da Auta ta duba aikin, Umma na wanka ne. Ganyen suna nan, kowa ya gani ya san ganye ne, amma gefensu ya yi haƙora-haƙora, wani ɗinkin dogo har farce na shiga, wasu ƙanana ƙwarai sun taru kamar ƙulli. Ta juya bayansa ta ga inda zare ya cukurkuɗe. Ta ga kuma wani ɗan yanka a yadin, an kama shi da ɗinkin hannu: Umma ta gwada farkewa ke nan, abin farkewar ya kufce mata ya ci yadi. Tun daga nan ba ta sake farke komai ba, gaba kawai take yi.

Takwara ta zo wata Asabar ta same ta a kan aikin. Ta sunkuya ta kalla, ta ce wannan ganyen tsutsa ta ci shi ne? Umma ta ce a'a, ganyen ƙasar da za ta ne, sanyi ne ya sa shi makyarkyata tun bai je ba. Suka yi ta dariya har Umma ta sarƙe da tari. Bayan haka Takwara ta ja kujera ta zauna a gefe ta rungumi nauyin bargon don kada ya ja, suka yi aiki tare har maganin ya saki Umma. Auta na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, ta ga duk wannan.

Tarin nan bai tafi ba. Ya zama zazzaɓi, zazzaɓin ya sauka ƙirji, aka kwantar da Umma a asibiti da robar iska a hanci. Bargon bai kai rabi ba, tafiyar Takwara kuma ta matso.

Yaya ce ta zo gida ɗaukar wa Umma kayan sawa. Ita ke kula da masu gyaran ɗakuna a wani babban otal, aikinta ke nan ta shiga ɗaki ta ga kusurwar zanin gado da ba ta zauna ba, kuma haka take tafiyar da 'yan'uwanta tun suna yara. Ta shiga ɗakin Umma ta daɗe ba ta fito ba. Da Auta ta bi ta, sai ta same ta zaune a kujerar ɗinkin, bargon a cinyarta, tana kuka ba sauti. Ta ce ita ba ta san abin ya kai haka ba. Kullum ta zo, Umma na zaune da hannu a ɓoye tana zuba mata hira, ta ɗauka da sauƙi.

Da ta share fuska sai ta koma Yayar da aka sani. Ta ce akwai wani shagon yadi a bayan tashar mota, mai shagon tana da babban keke mai kwamfuta da ke yin irin wannan aikin a yini ɗaya. A farke na Umma, a kai can, in ta dawo ta tarar an gama, hankalinta ya kwanta.

Auta ta ce a bari ta samu sauƙi a tambaye ta.

"A tambayi wadda ko numfashi sai da roba?" in ji Yaya. "Kin san ta. Za ta fito daga asibiti ta hau keken nan da wannan ƙirjin, ta kashe kanta a kai, kuma ba za ta gama ba. In ma ta gama, matar da ke farke aikin yini don ganye ɗaya, kina ganin za ta so a ce wannan ne na ƙarshe da ya fita daga hannunta?"

Auta ta so ta ce Takwara ta riga ta gani, har sun yi dariya a kai. Ta fara, Yaya ta ce yarinya me ta sani, kara ce kawai ta yi wa kakarta. Auta ba ta taɓa cin Yaya a gardama ba, kuma can cikin ranta ita ma ta gaji da jin allura na karyewa. Ta bar zancen, hakan ya zama amincewa.

Farkewar a kanta ta faɗa, don Yaya ba ta da lokaci. Kullum ta taso daga shago, kafin ta kai abinci asibiti, sai ta zauna gaban taga da abin farkewar. Dogayen ɗinkin ba su da wuya, da an ja suke fita. Ƙananan ne ke cin rai, sai ta sa tabarau mai ƙara girma da ta aro daga wurin aiki tana tsince su ɗaya bayan ɗaya. A nan ta riƙa gane ranakun Umma: ga inda hannun ya lafa, ganye biyu ko uku a jere kusan kamar na da, ga inda ya dawo, layi ya tafi inda ba a aike shi ba, Umma ta juyo da shi da ƙyar ta mai da shi jijiyar ganye. Takan tattara zaren a leda ta wanke hannu ta tafi asibiti. Can Umma, da ta fara iya magana, ta tambaye ta ko ta rufe keken, kada ƙura ta shiga. Ta ce ta rufe.

Shagon yadin dogo ne, keken ya cinye ɗaki guda a ciki, yana tafiya a kan ƙarfe kamar jirgin ƙasa, da allon kwamfuta a gefe. Mai shagon ta baza bargon ta ɗaga shi ga haske, ramukan allura suka fito fili, sawun ganyen duka yana nan babu zare. Ta tambayi wa ya fara shi. Auta ta ce mahaifiyarsu ce, ba ta da lafiya. Matar ta ce ai da sun bar nata, ita sai ta ɗora daga inda ta tsaya, ana kawo mata irin haka. Yaya ta ce sun fi so ya tafi bai ɗaya. Matar ta buɗe musu zane-zane a allon, Yaya ta zaɓi na ganye, wanda ya fi kama da na Umma. Matar ta ce ramukan za su rufe in an wanke.

An sallami Umma saura 'yan kwanaki tafiyar. Ta rame, tafiyarta ta zama gajeren taku, Injiniya, ɗanta namiji mai gyaran firji, shi ya riƙo ta daga mota har ɗaki. Yaya ta riga ta shimfiɗa bargon a gadon, an wanke an goge, kusurwa ta zauna daram. Ba ƙarya, ya yi kyau. Ganye bayan ganye daga wannan gefe zuwa wancan, ba wanda ya fi wani.

Umma ta tsaya tana kallo. Ta zauna a bakin gadon ta ɗora hannun dama a kai ta bi layi ɗaya da yatsa, ta ɗaga gefe ta duba baya. Yaya ta shiga bayani da sauri, yadda suka ga lokaci ya ƙure, yadda likita ya ce a hana ta wahala, yadda aka dace da mai shagon. Umma ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai ta jawo bargon ta nemo kusurwar da ta fara, ta duba, ta matsa tsakiya, ta duba.

"Nawa fa?" ta tambaya.

Ta ɗago ta dubi Auta, ba Yaya ba.

"An farke, Umma."

"Duka?"

"Duka."

"Ko tafin hannu ɗaya ba ku bar min ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce a ninke shi a ɗauke, tana so ta kwanta. Injiniya, wanda bai san komai a kan zancen ba, ya riƙa kallon 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. A falo Yaya ta ce ita dai ta san don Allah ta yi, kuma in Umma ta huta za ta gane. Ta ɗauki jakarta ta tafi ba ta sha shayin da aka haɗa mata ba.

Ranar da Takwara ta zo sallama, Umma ta sa aka kawo bargon a leda ta miƙa mata, ta ce ga shi, iyayenta sun yi mata bargo. Takwara ta ɗauka wasa ne, ta buɗe tana cewa bari ta ga ganyenta masu jin sanyi. Ta juya shi, ta sake juyawa, dariyar ta ɗauke. Ta dubi uwarta. Yaya ta ce su yi maganar a mota. Yarinyar ta durƙusa gaban Umma ta riƙe hannun hagun, mai rawar. Umma ce ta ce ta tashi kada ta ɓata mata zani da hawaye, kuma ta kula mata da suna a can, kada ta dawo da shi da datti.

Auta ta ji daga baya cewa uwa da 'ya sun yi ta har filin jirgi, Takwara ta ce ba za ta tafi da shi ba, Yaya ta ce to ta mutu da sanyi. Da shi ta tafi. Hoton farko da ta aiko na ɗakinta, yana kan gadon, an ninke a wajen ƙafa. Auta ta nuna wa Umma a waya, ta kalla ta ce ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya.

Umma ba ta sake buɗe keken ba. Da hantsi, lokacin da maganin ke kama ta, sai ta zauna a falo da hannuwa a cinya, yanzu ba ta ɓoye su. Auta ta sayo ƙyallaye masu kyau ta ajiye a kan teburin, suka yi mako a yadda ta ajiye su. Ta yanka ƙananan murabba'ai ta sa auduga ta kama da fil, ta ce ko abin ɗaukar tukunya Umma ta yi musu, na kicin sun ƙone. Umma ta ce ana sayarwa a kasuwa.

Yaya ta rage zuwa. In ta zo takan cika gidan da magana da kaya, 'ya'yan itace, sabon matashi, maganin shafawa, ta duba firji ta yi wa Auta faɗan abin da ya lalace, ta tafi. Umma na amsa mata gaisuwa yadda ta saba, tana tambayar aiki da maigidanta. Ba wanda ya sake ambatar bargon.

Wata ranar hutu Auta ta cire rigar keken ta zauna da kanta. Umma na kwance a gado ta ba ta baya. Ta sa safar hannun, ta ɗora ɗaya daga cikin murabba'an, ta taka feda. Yadin ya ƙi tafiya inda take so, keken na fizge shi gaba. Ta yi ta kokawa da shi, sai ta ji muryar Umma daga gado tana cewa wajen cire rigar ta ɗaga haƙoran, ta sauke su, maɓallin yana baya. Ta sauke. Ta sake takawa, zare ya cure, keken ya yi gurnani. Umma ta ce ƙafarta ta fi hannunta sauri. Can ta ce ta sassauta kafaɗa, ba dambe ake ba. Can kuma Auta ta ji motsin gado, ga Umma tsaye a bayanta ta dafa kujera.

Sun ɗauki lokaci a haka. Umma ta koya mata ta jawo zaren ƙasa sama kafin ta fara, ta daina kallon allura, ta riƙa kallon inda za ta. Da Auta ta yi wani abu mai kama da ganye, Umma ta ce wannan kunnen jaki ne, suka yi dariya, karo na farko tun dawowarta daga asibiti. Sai ta ce ta tashi ta nuna mata sau ɗaya.

Ta zauna. Sa safar ya ɗauke ta lokaci, Auta ta ɗaure hannuwanta a baya don kada ta taimaka. Umma ta dafa yadin, ta taka. Rabin ganyen ya fita sumul, lanƙwasa ɗaya mai kyau irin ta da. A wajen juyowa hannun hagu ya zabura ya tura yadin, yatsa ya bi shi ƙarƙashin zoben, allura ta shiga gefen farce ta karye.

Ba ta yi ƙara ba. Auta ce ta rikice, ta juya keken da hannu ta ɗaga abin da ya rage na allurar, ta cire safar, jini na ɗiga a kan farin yadin. Guntun bai zauna a ciki ba, ta wanke yatsan ta ɗaure. Umma na kallon hannun kamar na wani ne aka ajiye mata a cinya, yana ta rawarsa da bandejin. Da aka gama ta ce a cire wayar keken daga bango.

Ciwon ya ci gaba da tafiyarsa a hankali. Ya shiga hannun dama, maɓallin riga ya gagare ta, ta faɗi sau ɗaya a hanyar bayi. Auta ba za ta iya barin aiki ba, dole aka raba kwanaki, Yaya ta karɓi safiyar ranakun hutunta, ita ke yi mata wanka.

A ɗaya daga cikin safiyoyin nan Auta na goge takalmi a bakin ƙofa za ta fita, ta ji su. Yaya ta gama shafa wa Umma mai tana sa mata riga, sai ta tsaya da maɓalli a hannu ta ce Umma ta yafe mata maganar bargon nan, ta kasa barci da ita.

Umma ta ce ba ta riƙe ta ba, ta san abin da ta gani ne ya tsorata ta.

"Ba makauniya ba ce ni, ina ganin yadda yake fita," in ji ta. "Wataƙila da na kai ƙarshe ni ma in ce a farke. Wataƙila in ba ta haka nan. Ban riga na yanke ba. Shi ke nan abin da ya rage min a kansa, in yanke, kuka yanke min."

Yaya ta ce to yanzu me za ta yi. Umma ta ce ba komai, ta ƙarasa sa mata maɓallin, sanyi take ji. Yaya ta ƙarasa, ta gyara mata wuyan rigar. Auta ta fita ba ta yi musu sallama ba, ta tsaya a bakin titi motoci na wucewa, sai da mai gadin gidan kusa ya gaishe ta sannan ta tuna shago za ta.

Wata ma'aikaciyar asibiti da aka sa ta koya wa Umma motsa jiki ta ce ɗakin ya cika kaya, ana bukatar fili daga gado zuwa ƙofa saboda keken tafiyar da za ta riƙa dafawa, da ƙarfen dafawa a bango. Injiniya ya zo da kayan aikinsa ranar hutu. Ya auna, ya ce teburin ɗinkin ne ya tare hanya, ya tambayi Umma ina za a kai shi. Ta ce duk inda suka ga dama. Ya ce ko a ba matarsa keken, tana son koyon ɗinki. Umma ta ce a ba ta, amma a gaya mata haƙoran a sauke suke, kada ta ɗauka ya lalace.

Auta ta kwashe aljihunan teburin a kwali: kwarkwaro cike da zare kala-kala, fil, allurai, almakashi, safar hannun da ɗigon jini a yatsa ɗaya. Injiniya ya ɗauki keken da hannu ɗaya, ya yi mamakin rashin nauyinsa, ya kai mota, ya dawo suka kama teburin shi da Auta suka fitar. Sannan ya jona na'urar huda bango, ya ce Umma ta koma falo saboda ƙara da ƙura.

Ta ce a bar ta a nan. Ta zauna a bakin gado, mayafi a hanci, tana kallonsa yana huda bangon da ke ƙarƙashin taga. Da ya ɗaura ƙarfen ya jijjiga shi ya ga ya kama, ya ce ta zo ta gwada. Auta ta ɗaga ta. Ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta bi shi a hankali har ƙofa, ta juyo ta dawo. Injiniya ya tambaye ta ko tsayin ya yi. Ta ce ya ɗan yi sama, amma ya bar shi haka, kada ya sake huda bangon.